Waziri Giɗaɗo Ɗan Laima: Mutumin Da Ya Riƙe Ƙofar Daular Sakkwato

 A wannan mako muna so mu waiwayi tarihin wani babban ma'aikacin hukuma na ƙasarmu, wanda sunansa ba ya yawan fitowa a bakin masu ba da labari, alhali kuwa aikinsa yana cikin abubuwan da suka sa Daular Sakkwato ta zauna da gindinta.

Duk sa'ad da aka tayar da zancen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, abin da ya fi saurin zuwa zuciyar mai sauraro shi ne fagen fama: Tafkin Kwatto a 1804, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Amma cin ƙasa daban, riƙe ta daban. Daga Sakkwato zuwa Kano tafiyar kwanaki ce masu yawa a kan doki, zuwa Adamawa kuwa sai an yi makonni. Babu waya, babu mota, babu rundunar soja ta dindindin da aka girke a kowane birni. To, me ya ɗaure waɗannan masarautu wuri guda har kusan shekara ɗari? Bayan imani da mubaya'a, wasiƙa ce, da manzo, da mutumin da kowane ɓangare ya yarda da maganarsa. Wanda ya kafa wannan aiki a kan turba shi ne Waziri Usmanu, wanda aka fi sani da Giɗaɗo ɗan Laima.

Matsayin Waziri A Musulunci

Kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata mu san nauyin rigar da ya sa. Waziranci tsohon abu ne a addini. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratu Ɗaha, ya ba mu labarin yadda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa Ya sanya masa ɗan'uwansa Haruna ya zama wazirinsa lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna. Idan Annabi mai karɓar wahayi ya nemi mataimaki, ina ga sarki?

Malam Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, ya kasa waziranci gida biyu a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki. Akwai wazirin da aka miƙa wa al'amura ya yanke da ijtihadinsa, akwai kuma wanda aikinsa zartar da abin da shugaba ya yanke kawai. Shehu da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa mutum huɗu waɗanda mulki ke tsayuwa a kansu: amintaccen waziri, da alƙali mai tsoron Allah, da shugaban 'yan doka mai adalci, da mai karɓar haraji wanda ba ya zalunci. Waziri ya fara ambata. Wazirin farko na jama'a kuwa shi ne ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, mai littafin Liya'ul Hukkami. Wannan rigar ce ta komo wuyan Giɗaɗo daga baya.

Tasowarsa

Sunansa na yanka Usmanu. Giɗaɗo laƙabi ne na Fulatanci, ma'anarsa abin ƙauna. Ya taso cikin almajiran Shehu, ya ga zamanin hijira da yunwa da yaƙe-yaƙen farko, ya kuma shaƙu da Muhammadu Bello tun suna samari. Shehu ya aurar masa da 'yarsa Nana Asma'u, malamar nan da ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa, wadda ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan karkara. Babban ɗansu shi ne Abdulƙadir.

Tun jihadi bai lafa ba aka gane inda baiwarsa take. Ya iya Larabci ƙwarai, yana da haƙuri, ya san yadda ake zama da mutane. Saboda haka ya shiga sahun manzannin da Bello ke aikawa gabas da wasiƙu, wajen masu riƙe da tutoci da kuma wajen Barno. Wannan kuwa ba ƙaramin fage ba ne, domin a shekarun da suka biyo bayan 1808 ne aka yi mashahuriyar muhawarar nan ta alƙalami tsakanin Shehu Muhammadu Lamino na Barno da shugabannin Sakkwato. Shehu Lamino ya tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Bello ya ba da amsa, ya kuma adana wasiƙun abokin jayayyarsa tare da nasa a cikin Infaƙul Maisuri, yadda na baya za su karanta hujjar kowa. A irin wannan makaranta Giɗaɗo ya koyi cewa ana iya saɓani mai tsanani da mutum, amma a ci gaba da aika masa da takarda mai ladabi.

Rasuwar Shehu Da Sulhun Kalambaina

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817. Tun kafin nan an riga an raba kula da ƙasa: yamma a hannun Malam Abdullahi, gabas a hannun Bello. Jama'ar Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a. Ruwaya ta nuna cewa da Malam Abdullahi ya iso daga Boɗinga sai ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya. Aka sami sanyin zumunci tsakanin baffa da ɗan wansa, a daidai lokacin da ƙasa ta ɗauki tawaye ta ko'ina, har da na Malam Abdussalami, wanda aka murƙushe a farkon 1818.

Allah cikin ikonSa, 'yan shekaru kaɗan bayan haka sai ragowar masu tawaye suka taru a Kalambaina suka gagari Malam Abdullahi. Bello ya ɗauki runduna ya kai masa gudummawa, aka ci garin. A nan ne manyan biyu suka sadu, Malam Abdullahi ya tabbatar wa Bello da shugabanci. Masu tarihin Sakkwato sun ruwaito cewa a nan ne kuma ya miƙa wa Giɗaɗo alkyabbarsa, alamar ya sallama masa waziranci. Ma'anar wannan ita ce, sabon Waziri ya fara aiki da yardar gidaje biyu, na Sakkwato da na Gwandu. Wanda zai yi aikin sasanta mutane ba shi da jarin da ya fi wannan.

Ƙofar Masarautun Gabas

A tsarin Sakkwato kowace masarauta tana da ƙofa, watau wani babba a fadar Sarkin Musulmi wanda al'amuranta ke bi ta hannunsa. Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas, inda yawan jama'a da arzikin daula suke. Shi ke fita rangadi ya ga yadda sarakuna ke riƙon talakawa. Shi ke tattara abin da ake aikawa baitulmali. Idan sarki ya rasu, ta hannunsa ko na wakilinsa takardar naɗin sabo ke isa. Idan masarautu biyu suka yi jayayya kan iyaka, shi ke zama tsakani. Ofishin rubuta wasiƙun Sarkin Musulmi ma a ƙarƙashinsa yake.

'Yan kasuwa masu karanta wannan fili su lura da wani abu. Yawancin wasiƙun da suka rage a gidan Waziri na zamanin jikokinsa ne, amma suna nuna irin aikin da ofishin ya gada. Cikinsu akwai zancen bashin da mai shi ya gudu wata masarauta, da dukiyar da aka ƙwace a hanya, da gādon baƙon da ya rasu nesa da gida. Falken da ya ɗauko turkuɗi daga Kano, ko ya komo da goro daga Gwanja, yana tafiya ne da sanin cewa in an zalunce shi a ƙasar wani sarki akwai inda zai kai kuka, kuma takarda za ta bi sawun haƙƙinsa. Wannan tabbaci yana cikin abin da ya sa kasuwar Kano ta bunƙasa a wancan ƙarni.

Baƙo Daga Ingila

Jarrabawa mafi shahara a aikin jakadancin Giɗaɗo ta zo ne daga inda ba a zata ba. A watan Maris na 1824 wani hafsan jiragen ruwan Ingila, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Ya taso daga Tarabulus ya ƙetare Sahara zuwa Barno, abokin tafiyarsa Likita Oudney ya rasu kusa da Katagum, shi kuwa ya ratso ta Kano. Sunan da yake tafiya da shi Abdullahi. Aka sauke shi a gidan Waziri.

Baturen ya rubuta labarin haɗuwarsu ta farko. Waziri ya dawo daga tafiya wajen tsakar dare, bai kwanta ba sai da ya zo ya gai da baƙonsa. Baƙo ya miƙa masa shayi, Waziri ya ƙi sha cikin ladabi, bisa hujjar cewa baƙo bai riga ya ci abincin gidansa ba. Duk Bahaushe ya san wannan magana: mai gida ke fara ciyarwa. A ɗan wannan abu Waziri ya nuna karamci, ya kuma nuna wane ne mai masauki, wane ne baƙo.

Giɗaɗo ne ya riƙa kai shi gaban Sarkin Musulmi. Bello ya yi masa tambayoyi kan ƙungiyoyin Kirista na dā, har Baturen ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. A cikin makonnin da ya yi, Clapperton ya ga masallacin da Waziri ke ginawa, ya kuma je masa ta'aziyya sa'ad da agana ta ɗauke masa ɗa. Ya yabe shi a rubuce da kirki da dattaku.

Buƙatun Ingila uku ne: a buɗe ciniki, a daina sayar da bayi zuwa bakin teku, a kuma bar shi ya bi kogin Kwara ya ga inda ya ƙare. Bello ya rubuta wa Sarki George na Huɗu wasiƙa, ya yarda zai hana fatakensa kai bayi ƙasashen gaɓar teku, ya nemi a aiko masa da ƙaramin jakada da likita da kuma makamai. Ba za mu ɓoye ba, bauta tana nan cikin daular a wancan zamani, alkawarin kuwa ya shafi fitar da bayi waje ne kawai. Buƙata ta uku ita ce ba a biya ba. An ce masa hanyar Yawuri da Nufe ba ta da aminci. Shi ya zargi fataken Larabawa da yi masa zagon ƙasa don tsoron kada ciniki ya juya kudu. Ko wane ne dalili, ya bar Sakkwato a watan Mayu da wasiƙa a hannu da kyakkyawan zato a zuciya, amma bai ga hanyar kogi ba.

Komowar Baƙo A Lokacin Yaƙi

Clapperton ya komo ta teku, ya sauka Badagiri a ƙarshen 1825. Tun a nan aka fara samun tangarɗa, domin garuruwan da aka ambata masa a matsayin mahaɗa a bakin teku, ashe suna can cikin ƙasa, ba wanda ya san su a gaɓa. Ya ratsa ƙasar Yarbawa da Borgu da Nufe, ya iso Kano a tsakiyar 1826. A kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato ya gamu da Waziri, suka yi murna da ganin juna, daga baya suka tafi tare har sansanin Bello a ƙasar Gobir. Cikin kyautar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da littafin lissafi na Uƙlidisu. Bello ya yi farin ciki da shi ƙwarai, ya ce suna da kwafe a gidansu amma gobara ta cinye.

Sai dai zamani ya sauya. Zaman lafiyar da ke tsakanin Sakkwato da Barno ya warware, Shehu Lamino yana shirin tasowa ƙasar Kano. Baƙon kuwa yana ɗauke da wasiƙa daga hukumar Ingila zuwa ga Shehu Lamino, tare da kyauta, a cikin kayansa kuma akwai makamai. Ban da haka, Bello ya shaida masa cewa an aiko masa da gargaɗi game da Ingilishi: ɗaya-ɗaya suka shiga ƙasar Hindu da sunan ciniki har suka mallake ta. Wannan kuwa ba ƙage ba ne, domin kamfanin fatauci ne ya kafa mulkin Ingila a can, tun daga yaƙin da ya ci a Bangal a 1757. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A watan Disamba na 1826 aka sa aka kawo baransa Richard Lander daga Kano tare da sauran kaya. Sarkin Musulmi ya nemi wasiƙar Barno, ya karɓe ta, sa'an nan aka aika a karɓi kyautar da makaman. Wanda aka ɗora wa wannan aiki mai ɗaci shi ne mai masaukinsa, Waziri Giɗaɗo. Clapperton ya fusata, ya kira abin fashi da cin amana. Shi da kansa ya rubuta cewa Waziri ya yi fushi da wannan kalma ya tashi ya fita.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna. Ta fuskar baƙo, yana da abin faɗa. An karɓe shi da aminci, an yi masa alkawari, ga shi an hana shi isar da saƙon da aka ba shi amana. Mu ma muna cewa baƙonka annabinka. Musulunci ya girmama manzo, har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa manzannin Musailama ba duk da munin saƙon da suka kawo. Ta fuskar Waziri kuwa, aminci da aka ba baƙo ya shafi ransa da mutuncinsa da dukiyarsa, bai haɗa da barinsa ya kai wa abokin gaba makami ana tsakiyar yaƙi ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hana kai makamai ga wanda ake yaƙi da shi, kuma babu wata hukuma a duniya, har da ta Ingila, da za ta yarda da haka. Rayukan mutanen Kano amana ce a wuyan Waziri tun kafin ya san Clapperton.

Abin da ya biyo baya ya nuna ba tsoron banza aka ji ba. A farkon 1827 rundunar Barno ta kutso har cikin ƙasar Kano, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta aka yi gumurzu kafin ta juya. Haka kuma abin da ya biyo baya ya nuna iyakar da aka tsaya. Ba a ɗaure baƙon ba, ba a kore shi ba, ba a hana shi masauki da abinci ba. Ya zauna a Sakkwato cikin ɓacin rai har ciwo ya kama shi, ya mutu ranar 13 ga Afrilu, 1827. Aka ba baransa izinin binne shi bisa addininsa a wani ƙauye kusa da gari. Kayan da hukuma ta ɗauka bayan mutuwarsa an ba Lander takardar karɓar kuɗinsu a Kano, aka sallame shi, ya koma Ingila da takardun maigidansa. Daga waɗannan takardu ne duniya ta san wannan labari, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mu a ganinmu, wanda ya ƙi shan shayin baƙo a 1824 da wanda ya karɓi makamansa a 1826 mutum ɗaya ne mai ƙa'ida ɗaya. Ya ba baƙo dukan abin da yake nasa ne ya bayar: gidansa, da abincinsa, da lokacinsa, da fuskarsa. Abin da ba nasa ba, watau tsaron jama'a, bai sa shi cikin kyauta ba. Ya yi hasarar aboki a kan haka, sunansa kuma ya shiga littafin Turawa tare da kalma mai zafi. Ya ɗauki wannan hasara, bai ɗora wa jama'a tasu ba.

Ajiye Aiki Da Ɗaukar Alƙalami

Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, bayan shekara 20 yana mulki, Giɗaɗo na gefensa. Aka naɗa ƙanensa Abubakar Atiku. Daga nan Waziri ya fara ja da baya daga hidimar yau da kullum, kuma da Aliyu Babba ya hau a 1842 sai waziranci ya tabbata a hannun ɗansa Abdulƙadir, shi yana raye. Sarki goma zamani goma. Bai tsaya yana jayayya da sabon zamani ba.

Amma bai zauna haka kawai ba. Ya ga mutanen da suka san Shehu ido da ido suna ƙarewa, sai ya duƙufa ga rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. Daga cikin littattafansa akwai Raulul Jinani, kan Shehu da karamominsa da jama'arsa, da Alkashfu wal Bayan, kan halayen Bello. Shi da Nana Asma'u suka mai da gidansu taskar tarihin jama'a, shi da zube, ita da waƙa. Ya rasu a zamanin Aliyu Babba, Nana ta yi masa marsiyya.

Zuriyarsa su ne Giɗaɗawa, waɗanda unguwarsu ke Sakkwato da wannan suna, kuma waziranci yana gidansu har yau. Jikansa Waziri Buhari shi ne ya gamu da abin da aka yi wa kakansa gargaɗi a kai. Kamfanin ciniki na Ingila ya sami izinin mulki a bakin Kwara a 1886, gwamnatinsu ta karɓe a 1900, sojojin Lugga suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, watau shekara 76 bayan mutuwar Clapperton. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas har ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Waziri Buhari kuwa ya shawarci malamai, ya komo gari tare da jama'ar da ba su da ikon tafiya, ya yi sulhu a kan a bar musu addininsu. Zuciyarsa ba ta natsu ba sai da ya rubuta risala zuwa ga ma'abuta ilimi yana bayyana hujjarsa da damuwarsa. Har yau masana suna tattauna wannan mataki nasa. Abin lura shi ne, ya ga wajibi ne ya yi wa jama'a bayani a rubuce, wannan kuwa tarbiyyar gidan ce. Daga wannan gida ne kuma Waziri Junaidu ya fito, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya kuma tattara littattafai da wasiƙun kakanninsa, waɗanda masu binciken tarihin Sakkwato na gida da na waje suka dogara da su.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ya kai ma'aikacin gwamnati, teburinka ƙaramar ƙofa ce irin ta Waziri. Akwai ranar da wanda kuka ci abinci tare, ko wanda ya yi maka alheri, zai zo da buƙatar da in ka biya ta jama'a ce za ta biya kuɗinta. Yana iya zama ɗan kwangila, ko suruki, ko baƙo mai fara'a daga wata ƙasa da takardar yarjejeniya a jaka. Ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa, ka saurare shi da mutunci. Amma sa hannunka da hatimin ofis ba naka ba ne, ajiya ce. In ka ƙi, zai yiwu ya kira ka da sunan da ba ka so, kamar yadda aka kira Giɗaɗo. Ka kuma kula da takarda. Abin da aka yanke a rubuta, a adana, domin wanda zai gaje ka ya san inda aka kwana. In lokacin sauka ya yi, ka sauka, ka koya wa na baya abin da ka sani.

Ya kai ɗan kasuwa, ka tuna cewa hanyar da kayanka ke bi, da takardar da ke karɓo maka bashi a garin da ba ka da kowa, ba su tsayuwa sai da ma'aikaci mai amana. Duk ranar da ka saye shi don ya kau da kai ga kayanka, ka karya katangar da ke tsare ka ne, gobe wanda ya fi ka kuɗi zai saye shi a kanka.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u da sauran magabatanmu, Ya gafarta musu kurakuransu. Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari masu faɗa musu gaskiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu komai ƙanƙantarta. Amin.